Ga mai tambaya kan allurar testosteron da ɗaga ƙarfe

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce shekararka 42, wata huɗu ke nan da likita ya ɗora ka kan allurar testosteron, wato sinadarin mazantaka, kana ɗaga ƙarfe sau biyar a mako, amma da ka koma gwaji lambar testosteron ɗin jininka ta tsaya a 410, har wani abokin motsa jikinka ya ce ko ka ƙara nauyin ƙarfe ko ka ƙara allura. Na girme ka da shekara bakwai, kuma shekarata biyar a kan wannan magani, don haka bari in gaya maka abin da na gani a jikina.

Ƙarfe ba zai ɗaga maka lambar nan ba, ko da kwana kake yi kana ɗagawa. Ni ma na daɗe ban yarda ba, sai da likitana ya zana min a takarda. A jikin namijin da ba ya kan magani, ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo zuwa maraina su samar da sinadarin. Daga ranar da aka fara zuba shi ta allura, ƙwaƙwalwa za ta ga jini ya wadata, sai ta daina aiken, maraina su kwanta. Abin da ke yawo a jininka yanzu daga kwalba ya fito. Yawan abin da aka yi maka da tazarar kwanakin allura su ne ke yanke lambar. Ko mai lafiyar maraina, ɗan hawan da yake samu bayan motsa jiki mai ƙarfi da wuya ya wuce awa ɗaya.

Sannan ba ka faɗi ranar da aka ɗibi jinin ba, kuma nan ne gizo ke saƙa. Ni Sustanon 250 ake min duk sati uku. Kwana ɗaya zuwa biyu bayan allura lambar tana can sama, daga nan ta riƙa gangarowa. Idan ana gobe allura aka gwada ka aka sami 410, to wannan ne ƙasanta, kuma ba abin tayar da hankali ba ne. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka, a ƙa'idarta ta 2018, ƙasa da 300 a ma'aunin ng/dL ta ɗauka a matsayin ƙaranci. Ka duba ma'aunin da ke kan takardarka, domin wasu ɗakunan gwaji da nmol/L suke rubutawa, inda 300 ɗin ke zama wajen 10.4.

To mene ne amfanin wahalar? Shi ne ke yanke abin da jiki zai yi da sinadarin. A 1996 Dakta Shalender Bhasin da abokan aikinsa sun raba maza gida huɗu na tsawon sati 10. Masu motsa jiki kawai sun ƙara tsoka kusan kilo 2, masu allura kawai kilo 3.2, waɗanda suka haɗa biyun kilo 6.1. Amma ka lura, miligiram 600 ake musu duk sati, wajen ninki shida na abin da ake ba mara lafiya irina da kai. Kada wani ya nuna maka wannan ya ce hujja ce ta ƙara allura.

A wurina, inda na fi ganin riba shi ne tumbi. Kitsen ciki yana juya testosteron ya koma sinadarin mata, shi ya sa a watannin farko nonona ya riƙa tsami, riga ma in ta goga sai na ji. Da ƙuguna ya sauka daga santimita 108 zuwa 96, tsamin ya tafi, sugana ya daidaita, barci ya gyaru, alhali allurar ba ta canza ba. Tef ɗin tela ya fi gaya min gaskiyar aikina a kan takardar gwaji.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna nake wannan dogon rubutu. A shekarata ta biyu na bi irin shawarar da aka ba ka. Na sayi kwalba a wani kemis, na riƙa ƙara rabi a tsakiyar sati ukun ba da sanin likita ba. Watan Afrilu ne, zafi kamar a gasa mutum, ina motsa jiki da yamma ina zubar da gumi, ruwa kuma ba na sha sosai. Ciwon kai ya kama ni a ƙeya, idanuna suka yi ja, matata ta ce minsharina ya koma wani iri, har numfashi na ɗaukewa. Da na je asibiti hawan jinina 160 bisa 100, PCV kuma, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, 56. Testosteron yana sa jiki ya yawaita jajayen ƙwayoyin jini, jini ya yi kauri, rashin ruwa kuma ya ƙara masa. Ƙa'idar likitoci ita ce idan ya haura 54 a dakata. Aka tsayar min da allura, aka ɗebe min leda guda ta jini. A wannan lokacin ne kuma na yage jijiyar kafaɗa, saboda tsoka tana saurin ƙarfi, jijiyoyin da ke riƙe ta kuwa a hankali suke biyo baya. Wata biyar ban iya ɗaga hannu in sa hula yadda ya kamata ba.

Babban binciken TRAVERSE na 2023, mai maza sama da 5,000, ya nuna maganin bai ƙara bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, amma an ga ƙarin rikicewar bugawar zuciya da gudan jini a huhu. Kuma waɗannan a kan ƙa'idar likita suke, ba masu ƙari da kansu ba.

Yanzu sau uku nake ɗaga ƙarfe a mako, da hutun yini a tsakani, sauran kwanakin in yi tafiyar sauri ta minti 30 bayan sallar asuba. Sau biyar ɗin nan naka ya yi yawa ga wanda ya fara wata huɗu. Da azumi sai bayan tarawihi, kuma in rage nauyi. Ana gobe gwajin jini ba na motsa jiki mai tsanani, ina shan ruwa sosai, kuma kullum a rana ɗaya ta zagayen allurar nake gwadawa don a iya kwatantawa.

Akwai maganar da ba ka taɓo ba, kuma ta fi duk waɗannan nauyi: ka gama haihuwa? Kwanciyar marainan nan ba testosteron kaɗai take tsayarwa ba, har ƙwayoyin haihuwa na maniyyi suna raguwa, wani lokaci su kai sifiri, alhali mutum yana jin ƙarfinsa a shimfiɗa fiye da da. Na san wanda ya ƙara aure yana kan allura, shekara biyu shiru, dangi suka sa amarya a gaba da magunguna, ashe matsalar a kwalbarsa take. Bayan an daina yakan ɗauki watanni, wani ya haura shekara, kafin su dawo. Idan kana son ƙarin 'ya'ya, ka faɗa wa likita tun yanzu, akwai magunguna irin su hCG da clomiphene da ake amfani da su a irin wannan hali. Idan kuma kana shan tramadol don ciwon jiki bayan motsa jiki, shi ma ka faɗa masa, domin irin waɗannan ƙwayoyi suna danne sinadarin.

Ranar da za ka koma, ka riƙe takardar gwajin da kwanan watan allurarka ta ƙarshe, ka nemi a duba PCV da hawan jini da PSA, wato gwajin jini na furostet, 'yar gaɓar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. In ka samu sakamakon, turo mana ranar da aka ɗibi jinin da lambar PCV ɗin. Allah Ya ƙara lafiya.