Daga Guangzhou zuwa tsibirin Hainan da mota

Ka tambaya ko za ka iya tuƙa mota daga Guangzhou har Sanya, birnin da ke kudancin tsibirin Hainan, bayan ka gama sarin kayanka. Za ka iya, ɗan'uwa, amma ka sani babu gada zuwa Hainan. A tashar Xuwen ake loda motoci cikin jirgin ruwa, a tsallaka da su Haikou, babban birnin tsibirin. In hazo ya sauko ko guguwa ta taso, jiragen tsayawa suke yi, lokacin sabuwar shekarar Sinawa kuwa layin motoci sai ka tausaya wa direbobi. Ka yanki tikiti tun da wuri.

Kana sauka, babbar hanyar G98 ce ta zagaye tsibirin, tsawonta ya haura kilomita 600. Bi ta gabas, wajen awa uku kana Sanya. Ba shingen karɓar kuɗin hanya, domin tun 1994 aka mayar da kuɗin kan man fetur, shi ya sa lita ta fi tsada a can.

Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne lasisi. China ba ta amincewa da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Ka je ofishin 'yan sandan kula da hanya da fasfonka da lasisinka na gida, su faɗa maka sharuɗɗan samun na wucin gadi. Don Allah kada ka taɓa sitiyari kafin nan.