Tabar wiwi da gwajin 'yan wasan tanis

Ka ce ɗan wasanka ya sha wiwi mako biyu kafin gasa, a ƙasar da doka ta halatta ta, kana tambaya ko za a iya dakatar da shi. E, za a iya.

Dokar ƙasa daban, dokar wasa daban. Tanis na bin jerin haramtattun abubuwa na WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, kuma tun 2022 hukumar ITIA, mai sa ido kan gaskiya a wasan tanis, ita ce ke gudanar da gwajin. Wiwi haramun ce a lokacin gasa kawai, to amma inda gizo ke saƙar shi ne, fitsarin da aka ɗauka ranar wasa ake dubawa, ba ranar da aka sha ba. Sinadarin THC, wanda shi ne ke sa maye a wiwi, yana maƙalewa a kitsen jiki, wanda ya saba sha sai ya yi makonni bai wanke ba. Iyakar ita ce nanogiram 150 a kowace mililita ta fitsari. Kafin 2013 kuwa 15 ce kacal.

Idan gwajin ya wuce iyakar amma ya tabbatar a wajen gasa ya sha, kuma ba don ƙara kuzari ba, hukuncin wata 3 ne, yana iya komawa wata 1 in ya shiga shirin jinya da aka amince da shi.

Man CBD, wani sinadari daga ganyen wiwi da ba ya sa maye, shi ne ke kayar da mutane. An cire shi daga jerin a 2018, amma kwalabe da yawa na ɗauke da ɓurɓushin THC, kuma "ban sani ba" ba ta wanke kowa.

Kada ya dogara da ƙidayar kwanaki. Ya ga likitan wasanni kafin gasar, in kuma takardar tuhuma ta iso, lauya tukuna kafin ya ba da amsa.