Na yi ritaya, komai ya fita raina

Tambaya: Na ajiye aikin gwamnati bayan shekara 35. Fansho na shigowa, yara sun kama gabansu, amma sai in wuni kan tabarma a ƙofar gida ina tunanin mene ne amfanina yanzu. Ko rashin godiyar Allah ne?

Amsa: Malam, kada ka ɗora wa kanka laifin rashin godiya. Ban da albashi, aiki ne yake tsara maka yini, yake haɗa ka da jama'a, kuma ranar da ba ka zo ba sai an cigiya. Fansho ya maye gurbin albashi kawai, sauran kuwa sun tafi rana ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne jiran sha'awa ta dawo kafin a motsa, alhali sai an motsa take dawowa. Zaman jiran yana jawo dogon barcin rana, na dare ya lalace, gari ya waye jiki a mace.

Ka ɗauki nauyi guda ɗaya wanda wani zai zauna jiranka: riƙe littafin kuɗin kwamitin masallaci, ko koya wa yaran unguwa lissafi bayan la'asar. Rana biyu a mako, a tsayayyen lokaci, ko ka ji daɗi ko ba ka ji ba, har mako shida kafin ka yanke hukunci. Guda ɗaya na ce, domin zumuɗi ne ke sa wasu zuba kuɗin sallama a kiwon kajin da ba su san kansa ba, asara ta ƙaru a kan damuwa. Ka haɗa da tafiyar ƙafa ta minti 30 bayan asuba, kwana biyar a mako, wato minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara. Da aboki ya fi. Binciken Jami'ar Harvard da aka fara a 1938 ya gano cewa kyakkyawar alaƙa da mutane tana kan gaba cikin abubuwan da ke tafiya da jin daɗi da lafiya a tsufa.

Amma idan ƙuncin ya kai mako biyu kusan kullum, ga rashin cin abinci da farkawa tsakar dare, yana iya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani. Ka ga likita, a duba har da sukari da hawan jini. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato. Idan tunanin gara mutuwa ya fara zuwa, ka faɗa wa wani na kusa, ku je asibiti a ranar.