Ku Tambaya Mu Amsa: Ciwon Baya, Ƙunar Ido da Sauran Wahalhalun Bakin Sana'a

Wasiƙun wannan watan yawancinsu daga masu aikin hannu suka fito, shi ya sa muka tara su wuri guda. Likitan gashin ƙashi da jami'in kula da lafiyar ma'aikata ne suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Dako nake yi, muna sauke siminti da shinkafa daga tirela. Wata uku ke nan kwankwasona na ciwo, da asuba sai na dafa bango nake miƙewa. Idan na sha haɗin kemis sai in yi aiki garau. Abokai sun ce in sayi ɗamarar baya. Za ta yi amfani? Daga ɗan dako, Kakuri.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, haɗin nan ya fi tayar mana da hankali a kan ɗamarar, amma bari mu fara da buhun. Buhun siminti kilo 50 ne. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta tsayar da kilo 23 a matsayin abin da mutum zai riƙa ɗagawa lafiya, shi ma sai kayan na manne da jiki kuma ba daga ƙasa ake ɗauko shi ba. Ka ga buhu ɗaya ya ninka wannan har da ɗoriya.

Nisan kaya da jiki shi ne babban abin. Tsokar da ke riƙe gadon baya tana ja ne daga tazarar da ba ta wuce santimita 5 daga ƙashin ba. Idan ka miƙa hannu buhun ya yi nisan santimita 50 da bayanka, sai tsokar ta yi ja ninki goma na nauyinsa kafin ya tashi, kuma duk wannan matsin a kan faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan kwankwaso yake sauka. Ka haɗa da murɗa ƙugu kana sunkuye, to nan faifan yake tsagewa ya danne jijiya. Da sassafe ya fi haɗari, don faifan yana kumbura da ruwa cikin dare, sa'ar farko bayan tashi ba ta son sunkuyo da kaya.

Ga gyaran. Kada buhu ya taɓa ƙasa in da hali: wanda ke cikin tirela ya jawo shi bakin ƙofa, kai kuma ka karɓa a daidai kafaɗa. A sito a jera a kan katako mai tudu. In dole sai daga ƙasa, ku kama ku biyu, ƙafafu a ware, buhun tsakanin gwiwoyi, ku lanƙwasa gwiwa da ƙugu, ɗaya ya ba da murya ku tashi tare. Za ka juya, ƙafa za ta juya da kai. Kuma a daina wurga wa mutum buhu a ka ko a wuya, wannan fizgar ta fi ɗaukar kanta ɓarna. Inda tafiyar ta wuce 'yan taku, baro ya fi, a tura shi gaba, tayarsa da iska sosai.

Ɗamara kuwa, tun 1994 hukumar NIOSH ɗin nan ta duba ta ce ba ta ga hujjar cewa tana hana rauni ba. Abin da take yi shi ne ta sa mutum ya ji ya isa, ya ƙara kaya.

Haɗin kemis sau da yawa magungunan kashe raɗaɗi ne 'yan gida ɗaya, irin su diclofenac da ibuprofen, wani lokaci har da tramadol, wanda shi gidansa daban ne. Shan biyu daga gida ɗaya ba ya ƙara sauƙi, gyambon ciki yake ƙarawa. Ga ka a rana kana zufa, ruwan jiki ya ragu, ƙoda ce ke ɗanɗana kuɗarta. Sannan ciwon da ya kamata ya tsayar da kai an rufe masa baki, kana ta ƙara wa wurin rauni. In ka matsu, farasitamol ƙwaya biyu na miligiram 500, kada ya wuce sau huɗu a yini. Kwanciya fiye da kwana ɗaya ko biyu ma ba ta taimako, tafiya a hankali ta fi. Ciwon wata uku dai ya isa a gani, ka je sashen gashin ƙashi na Asibitin Barau Dikko ko wani babban asibiti. Amma idan ƙafa ta fara mutuwa, ko tsakanin cinyoyi ya sage, ko fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba ka sani ba, a ranar za ka tafi, ko da dare ne. Haka in akwai rama da zazzaɓin dare, don tarin fuka yana kama ƙashin baya.

TAMBAYA: Likita, yarona da ke koyon walda yakan farka tsakar dare yana kuka, wai kamar an zuba masa yashi a ido. Mukan ɗiga masa ruwan sukari. Ni kuma kunnena ya fara ƙara. Daga mai walda, Panteka.

AMSA: Maigida, hasken walda ne ya ƙona fatar saman ƙwayar idonsa. Ba ya nunawa nan take, sai bayan sa'a 6 zuwa 12, shi ya sa yaron ke tashi lafiya daga shago ciwon ya same shi a kan tabarma. Yara masu koyo sun fi kamuwa, domin su ne ke riƙe ƙarfe suna kallo, garkuwar kare fuska kuma tana hannun maigida. Baƙin tabarau na kasuwa bai isa ba. Walda ta lantarki tana son gilashi mai lamba 10 zuwa 13, gwargwadon ƙarfin wutar, kuma mai riƙe ƙarfe ma a ba shi nasa. A kafa ɗan shinge na langa-langa saboda masu wucewa.

Ruwan sukari, nono, ruwan albasa, duk a bari. Ido ne mai rauni, ƙwayar cuta kawai za a shigar masa. Ya kwanta a ɗaki mai duhu, a ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi a kan idon a rufe, kada ya murza. Yawanci cikin kwana ɗaya zuwa biyu yake warkewa. In ya wuce haka, ko gani ya ragu, ko ido ɗaya ne kawai ke ciwo, to wataƙila ɓarɓashin ƙarfe ne ya maƙale, sai Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna. Kada wani ya sa tsinke ko bakin ashana ya ce zai ciro.

Ƙarar kunne gargaɗi ce. Ana auna ƙarfin ƙara da desibel, ƙa'idar kuwa ita ce desibel 85 na sa'a 8, kuma duk ƙarin 3 yana rage lokacin da rabi. Injin yankan ƙarfe na hannu yana kaiwa 100, wato minti 15 ne rabonka a yini in kunne a buɗe yake. Auduga ba ta tare komai, a sayi matoshin kunne na soso, a murza shi ya sirance, a ja kunnen sama a tura. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Tun da mun zo kan injin nan: kada a cire murfinsa don a ɗora babban faifai. Faifai mai faɗin milimita 230 an yi shi ne don juyi kusan 6,600 a minti, ƙaramin inji kuwa ya haura 10,000, in ya tarwatse fuska yake nufa.

TAMBAYA: Ni tela ce. Lokacin ɗinkin Sallah wuyana da kafaɗuna kamar an ɗora dutse, yatsuna uku kuma suna sagewa cikin dare. Daga mai ɗinki, Kasuwar Barci.

AMSA: Hajiya, duba abin da kike zama a kai. Yawancin teloli benci ne ko kujerar roba, ba tsawonta ɗaya da keken ba. Ki zauna, ki saki kafaɗu, gwiwar hannunki ta zo daidai da saman teburin. In ta yi ƙasa ki ƙara matashi mai tauri, ki naɗe tawul ki sa a kwankwaso, ki matso har cikinki ya kusa taɓa teburin. Rashin haske ma yana sa sunkuyo, ƙaramar fitila mai caji a kan allura za ta ɗaga miki kai. Duk minti 30 ki miƙe, ko da guga za ki je yi ko yanka.

Babban yatsa da manuniya da na tsakiya kuwa jijiya ɗaya ce ke kula da su, tana bi ta wani matsattsen rami a wuyan hannu. Almakashi mai dakushi da lanƙwasa hannu wajen tura yadi suna kumbura wurin. A wasa almakashin, sannan ki sa takalmin hannu da ke miƙar da wuyan hannun lokacin barci na 'yan makonni. Idan allura ta fara suɓuce miki, ko naman gindin babban yatsa ya fara ramewa, a duba ki, a gwada har da sukari.

TAMBAYA: Inji ya datse wa ƙanena yatsa biyu a wani kamfani, an biya kuɗin asibiti an ce shi ke nan. Haka ne? Daga mai karatu, Sabon Tasha.

AMSA: Ba shi ke nan ba ne, ɗan'uwa. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar gwamnati mai kula da inshorar ma'aikata, kuma daga nan ake biyan diyyar naƙasa, ƙari a kan kuɗin magani. Ma'aikaci zai sanar da kamfani cikin kwana 14, kamfani ya kai rahoto cikin kwana 7, a shigar da neman diyya kafin shekara ta cika. Ku yi sanarwar a rubuce ku riƙe kwafi, ku adana katin asibiti da rahoton likita da sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu. In kamfanin ya yi nauyin jiki, ku kai takardun ofishin NSITF na Kaduna da kanku.