Amsa: Ko ƙungiyar ƙwadago na iya sama wa ma'aikaci sassaucin lokacin aiki?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙungiya za ta iya sa a rage maka awannin aiki don jinyar mahaifiyarka ba tare da ka rasa gurbinka ba. Tana iyawa, in dai an rubuta wannan haƙƙin cikin yarjejeniyar da ke tsakanin ƙungiya da kamfani. Alkawarin baki na manaja ba abin dogaro ba ne.

Dubi Jamus. A Fabrairun 2018, bayan yajin aikin gargaɗi, ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe ta IG Metall ta daidaita da masu kamfanoni a jihar Baden-Württemberg: ma'aikaci na iya saukowa daga awa 35 zuwa 28 a mako har tsawon shekara 2, sannan ya koma cikakken aikinsa. Wannan haƙƙin komawar shi ne ƙashin bayan maganar. Albashi dai yana raguwa daidai da awannin, kada a ruɗe ka. Su ma kamfanonin ba su tashi a tutar babu ba, sun sami damar ƙara yawan masu yin awa 40.

Don haka fara karɓar kwafin yarjejeniyarku wurin wakilin ƙungiya, ka duba sashen lokutan aiki. In babu, ku shigar da shi a zaman sabunta yarjejeniyar.