Amsa ga mai jegon da kan nononta ya tsattsage

Barka da sauka lafiya 'yar'uwa, Allah ya raya. Kin ce kwananki 10 da haihuwa, kan nono ya tsage har kina tsoron ba shi, ga jiri da kumburin ƙafa.

Tsagewar nan yawanci kamun yaron ne. Jira sai ya buɗe baki sosai, ki sa masa har da baƙin da ke zagaye da kan nonon, haɓarsa ta taɓa nonon. In ya gama, ki matso ɗan ruwan nono ki shafa a wurin, ki bar shi ya sha iska. Kada ki daina ba shi, sau 8 zuwa 12 a yini da dare. In nono ya yi ja, ya yi zafi, zazzaɓi ya taso, asibiti za ki tafi.

Ni kam kumburin ƙafar da jirin sun fi damuna. Kunun kanwa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi suna iya wahalar da zuciyar mai jego, likitocin Zariya sun daɗe da gano haka. Ki lallaɓi mai kula da ke a jegon a rage kanwar, gobe ki je a auna miki jini da hawan jini. In numfashi ya fara yi miki wuya kina kwance, kada ki jira gobe.