An Ba Kawuna Kwana 30 Ya Bar Gidan Tsofaffi A Amurka

TAMBAYA

Assalamu alaikum Hajiya. Ina rubuto miki daga unguwar Bronx a birnin Niyok. Kawuna, yayan mahaifiyata, shekararsa 74. Ya yi shekara 31 yana tuƙa tasi a nan, kuma ya daɗe da zama ɗan ƙasa. Shi ya kawo ni, shi ya riƙe ni. Wata takwas ke nan da ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Daga asibiti aka wuce da shi gidan kula da tsofaffi, ni na sa hannu a takardun. Mun zaci inshorarsa ce ke biya, ashe ta tsaya tuntuni. Yanzu sun ce ana bin sa dala 58,000, sun ba mu takarda cewa nan da kwana 30 ya bar gidan.

Mun nemi Medicaid, tallafin jinya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, an hana mu, domin sun ce a kawo takardun banki na shekara 5 da bayanin kuɗin da yake aikawa gida, ni kuma tsoro ya hana ni kaiwa. Kawu yakan aika dala 400 duk wata, kuma shekara 2 da suka wuce ya aika 18,000 aka ƙarasa gini a Kano. Fanshonsa na dala 1,100 ni nake cira, in biya hayar ɗakinsa, in aika sauran gida kamar yadda ya saba. 'Yan'uwa sun ce in ɗauko shi kafin a wulaƙanta shi, ga ɗakina a hawa na huɗu. Hajiya, da gaske za su fitar da shi? Kuma ni za a kama da bashin?

Ɗanki, daga Bronx

AMSA

Wa'alaikassalam ɗana. Allah Ya ba Kawu lafiya, Ya sa kaffara ne. Kafin komai, kada ka ɗauko shi. Kada ka kwashe ko da butarsa ce daga ɗakin nan, kuma kada ka sa hannu a wata takarda da ke cewa ku kuka fitar da shi da kanku.

Na yi shekaru ina aikin jinya a irin waɗannan gidaje kafin in dawo gida, kuma akwai wani dattijo ɗan zangon Kumasi da har yau nake ganin fuskarsa. Irin takardarku aka kawo masa. Bayan sallar isha'i ƙannensa biyu suka zo da baƙaƙen ledoji, suka tura kayansa ciki, har da carbinsa da 'yar rediyon da yake jin labarai da ita. Ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya yana cewa, "Ɗiyata, ina za su kai ni?" Na roƙe su su bari gari ya waye, suka ce ba za su tsaya a kore shi kamar kare ba. A kan kujera suka ciccibe shi zuwa bene. Bayan sati uku aka kai shi asibiti, bayansa ya yi gyambo saboda babu mai juya shi, kowa na wurin aiki. Bashin kuma yana nan bai gusa ba. Kunya ce ta fitar da shi, ba doka ba.

Doka kuwa tana tare da ku fiye da yadda kake zato. Tun 1987 Amurka ta yi dokar gyaran gidajen tsofaffi, wadda ta hau kan duk gidan da ke karɓar kuɗin Medicare (inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi) ko Medicaid. Dalilai shida kacal ta yarda a sallami mutum a kansu. Rashin biya na cikinsu, ba zan ɓoye maka ba, amma da sharuɗɗa. Ɗauko takardar ka duba. Dole ta faɗi dalili, da ranar fita, da takamaiman wurin da za a kai shi, da yadda ake ɗaukaka ƙara, da lambar jami'in kare haƙƙin mazauna gidajen, wanda suke kira ombusman. In ɗaya daga ciki ya faɗi, takardar ta gurgunce. Kuma wurin da za a kai shi sai ya kasance inda zai samu kulawar da jikinsa ke bukata. In adireshinka suka rubuta, ka mayar musu a rubuce cewa hawa na huɗu ne, kana fita aiki, babu mai ɗaga shi. Babu wanda zai tilasta maka karɓarsa.

Gobe da safe ka ɗaukaka ƙara, ta hanyar da aka rubuta a jikin takardar. A jiharku Ma'aikatar Lafiya ta jiha ce ke saurare. Muddin ƙarar na gabansu, gidan ba shi da ikon fitar da shi kan maganar kuɗi. Ka kira ombusman a ranar, aikinsa kyauta ne, kuma ba ma'aikacin gidan ba ne. Na sha ganin yadda murya ke sauka a ofis da zarar ya shigo ya ja kujera. Sannan ka nemi lauyan tsofaffi. Akwai ofisoshin da ke taimaka wa masu shekara 60 zuwa sama ba tare da ko sisi ba, kuma layin gwamnati na 1-800-677-1116 zai nuna maka na kusa da kai.

Inshorar da ta tsaya Medicare ce, kuma mutanenmu da yawa a nan suke faɗuwa. Ita jinyar ɗan lokaci take biya bayan kwanciyar asibiti: kwana 20 na farko duka, daga 21 zuwa 100 da ɗan kason da mutum zai cika kullum, daga nan ta naɗe tabarmarta. Zaman dindindin Medicaid ce ke ɗaukarsa. Saboda haka duk maganar nan ta dawo kan takardun da ka ji tsoron kaiwa.

A nan zan ɗan yi maka faɗa, ɗana, faɗan uwa. Ba don Kawu bai cancanta ba aka hana ku, don ba ka amsa tambayarsu ba ne. Ka sake shigar da sabuwar bukata cikin watan nan, kada ya ƙare. Dalilin gaggawar biyu ne. Na farko, wanda ya miƙa takardunsa yana jiran hukuncin Medicaid ba a ɗaukarsa wanda ya ƙi biya. Na biyu, a jiharku Medicaid na iya komawa baya ta biya har wata 3 kafin watan da aka nema, don haka duk watan da ya wuce ka, wani wata ne na bashi ya zame daga hannunta. Lauyan zai duba ko lokacin ƙalubalantar hanin farko bai ƙure ba, domin in aka farfaɗo da waccan, za ta rufe watanni fiye da sabuwar.

Yanzu kuɗin gida. Medicaid na duba wata 60 baya, ta ga ko mutum ya rabar da dukiyarsa. Abin da mu muke kira zumunci, su a takarda kyauta ce. Kuɗin makarantar 'ya'yan ƙanwa, buhun shinkafar azumi, ragon layya, kujerar Makka, duk sunansu ɗaya a wurinsu. Lissafa naku: 400 sau 60 ya ba da 24,000, a haɗa da 18,000 na gini, 42,000 ke nan. Sukan raba wannan da kuɗin wata ɗaya na gidan tsofaffi a yankin, wanda a Niyok ya haura dala 14,000. Kusan wata 3 ke nan da za su ce ba za su biya ba. Abu ne mai nauyi, amma wata 3 ne, ba har abada ba, kuma shi ma akwai hanyoyin rage shi.

Doka ta yafe kyautar da aka tabbatar an yi ta ne don wani dalili daban, ba don a samu Medicaid ba. Mutumin da ya yi shekara 31 yana aika kuɗi duk wata, yana da ƙoshin lafiya, yana tuƙinsa, bai san faɗuwa na jiransa a banɗaki ba, yana da hujja mai ƙarfi. Amma hujjar sai an gan ta. Ka buɗe akwatinsa da ke ƙarƙashin gado. Dattawanmu na can ba sa yar da rasit, za ka same su a ɗaure da roba, wasu sun yi ja don tsufa. Na shekara 15 da 20 baya sun ma fi amfani, su ne za su nuna ɗabi'arsa ce tun fil azal. Kuɗin da aka maido masa ana cire shi daga lissafi. Akwai kuma neman sassauci idan hanin zai jefa rayuwar mutum cikin haɗari, wanda gidan da kansa zai iya nema masa in ya yarda.

Ginin Kano da sunan wa yake? In da sunan Kawu, kadararsa ce, dole a faɗe ta ko da a bangon duniya take. In da sunan wani, kyauta ce. Ko wanne ne, ka gaya wa lauya gaskiya tsagwaronta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ƙarya a takardar gwamnati za ta mayar da maganar bashi ta zama maganar laifi.

Ina so ka karanta wa 'yan'uwa na gida wannan sakin layin. Bawan Allahn nan ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan sitiyari, cikin sanyin da ke tsaga fata, ku kuna kwana a ɗakin da guminsa ya gina. Ba "a ɗauko shi" ta waya ake bukata daga gare ku ba. A nemo takardar fili, da rasitan siminti da kwano, da shaidar makarantun da ya biya, a ɗauki hotonsu a turo. In akwai haya da ake karɓa a gidan, tasa ce. Mai hali a cikinku ya maido abin da ya sawwaƙa.

Fansho kuwa, daga watan nan ka daina aika shi gida. Wanda ke gidan tsofaffi a ƙarƙashin Medicaid, kuɗin shigarsa gidan ake ba, a bar masa ɗan na kashewa, dala 50 a wata a jiharku. Ka fara kai musu tun yanzu kana karɓar rasit, domin ranar sauraron ƙara wannan rasit ɗin zai yi maka magana. Ɗakinsa na haya, ku zauna da shi da likitansa a kan ko zai iya komawa cikinsa. Na san sakin ɗakin da mutum ya yi shekaru a ciki ba ƙaramin abu ba ne, ka bi shi a hankali.

Wannan ya kawo mu kan tsoronka. A'a, ba a kama mutum a kan bashin jinyar kawunsa. Doka ta hana gidan ya gindaya sharaɗin sai wani ya tsaya zai biya daga aljihunsa kafin a karɓi majinyaci. Inda ake samun matsala shi ne wanda kuɗin tsohon ke hannunsa, ya sa hannu zai biya daga ciki, sannan ya kai su wani wuri. Irin wannan ana iya kai shi kotu. Ka nemi kwafin duk abin da ka sa wa hannu ka kai wa lauya, tare da lissafin inda fanshon watannin nan ya tafi. Tunda hankalin Kawu na nan, ya ba ka wakilci a rubuce a gaban mai hatimin shaida da shaidu biyu, don banki su saurare ka.

In wata rana aka ce an kai shi asibiti, kada ka yarda a ce gadonsa ya tafi ke nan. Yana da haƙƙin komawa, ko kan gadonsa, ko kan na farko da ya samu a gidan.

Maganar dawo da shi gida ban rufe ta ba. Ɗan ƙasar Amurka na ci gaba da karɓar fanshonsa a Najeriya, kuma dala 1,100 za ta riƙe mai jinya da magani a Kano, ga sashen gashin ƙashi a asibitin Malam Aminu Kano da na Dala. Sai dai Medicare da Medicaid ba sa bin mutum ƙetare, in ya tafi ya bar su. Shi za a tambaya, ba taron dangi ba, kuma bayan ƙura ta lafa, likita ya ce jikinsa zai ɗauki jirgi. Ranar Juma'a ka kai masa tuwo da miyar kuka a kula, in masu jinyar sun ce haɗiyarsa ta yi daidai. Ka zauna a gefensa na hagu, mai lafiyar, ka gaya masa an shigar da ƙara kuma babu inda za shi a ƙarshen watan nan. Sai bayan ya ci ya sha ruwa, ka tambaye shi inda ya ajiye rasitan.